Ƙarfen da Ba Ya Barci

Daren da jan ɗigo ya mutu
ina kwance bayan shingen tumakin Ostby,
mil goma sha ɗaya arewa da Miles City.
Sanyi ya tsotse batir kamar yaro da ɓargo.
Na kai ido ga gilashi, ba kowa ciki
sai duhu da tururin numfashina.
Dila ya ɗauki ɗan tunkiya na uku,
ya wuce ni a hankali
kamar wanda aka tsegunta wa.

Da safe na tuƙa zuwa gari,
bindiga kwance a kujerar baya,
doronta shafe, sai haƙoran ƙarfe a jere
kamar tsanin da aka kwantar,
tana jiran abin da za a ɗora mata.

Marlis ce mai shagon, ta haura saba'in,
tabarau rataye a wuya, kofi ya huce a gefe.
Ta ajiye saitin baya guda biyu a tebur,
ta harɗe hannu.

Na farko mai naɗewa ne,
yana kwanciya lamo kamar kyanwa a inuwa.
Ka taɓa shi ya miƙe, ka danna ya koma,
ba ya tare wa gilashi hanya.
Na biyu ba ya rusuna wa kowa:
dunƙulen baƙin ƙarfe, kunnuwa a tsaye,
huda biyu a tsakani,
babba don magariba, ƙarama don nesa,
da ɗan mamurɗi a dama
mai ƙas-ƙas in ka juya shi.

Na ce, wannan zai tsaya mini a ido kullum.
Ta ce, haka ne.
Na ce, ya fi nauyi.
Ta ce, da nauyin ƙwai ɗaya.
Sai ta miƙo safar hannu mai kauri:
sa wannan, rufe ido, ta da mai naɗewar.
Na laluba, na sake lalubawa,
yatsa ya zame sau biyu.
Ta ce, dila ya tafi.

Ban yi dariya ba. Na tuna Jatau, ƙanen kakata,
da bindigarsa ta toka mai ɗaurin waya.
Kan ƙusa ya dasa mata a hanci,
ya zarge tsaga a baya da zarto,
shi ke nan kayan aikinsa shekara arba'in.
Yakan ce, abin da ka ajiye don baƙar rana
kada ya zama sai ka tashe shi daga barci.

Dala saba'in da huɗu.
Ta zaunar da shi a haƙorin ƙarshe,
ta ɗaure noti, ta ƙara rabin juyi,
ta leƙa ta ga tsayinsa ya yi daidai
da tsinken da ke gaba.

A bayan gari, kwali a yadi hamsin.
Harsashi biyar, duk sun karkata hagu
da faɗin yatsa uku.
Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Biyar kuma.
Idona ba na da ba ne,
in na ga tsinke sarai, kwali ya dushe,
in na nemi kwali, tsinke ya ɓace.
Ta riga ta faɗa mini tun a shago:
riƙe tsinken, bar sauran duniya ta yi hazo.

Na canza batir, ban ƙi zamani ba.
Jan ɗigo ya dawo, ya sauka a kan tsinke
kamar tsuntsu a bisa turke.
Amma wani dare nakan kashe shi da gangan,
in leƙa ta babbar huda
in ga dusar ƙanƙara da bakin shinge,
da tunkiyar nan mai tsagaggen kunne
da har yanzu take zagaya wurin
tana kira.